MASANA SUN CE, TO WANNE DAGA CIKINSU?



Akwai wata sabuwar bulala da ake zane mu da ita a wannan zamani, sunanta "masana halayyar ɗan Adam sun ce". A rediyo za ki ji ta, a waya za ki gan ta, kai har maigida in ya so ya rufe miki baki ita yake ɗaukowa. Yaro ya cika kuka, masana sun ce uwa ce ta sangarta shi. Yaro ya cika shiru, masana sun ce uwa ba ta jan sa a jiki. Ya yi ƙiriniya ke ce, ya yi sanyi ke ce. Ita kuwa baiwar Allah sai ta sunkuyar da kai ta haɗiye, domin tana ganin ina ita ina ja da masu digiri.

To ni tambaya ɗaya nake so ki koyi yi: wanne daga cikin masanan? Domin wallahi ba bakinsu ɗaya ba. Ilimin nan da ake kira saikoloji gida ne mai kishiyoyi, kowacce da ɗakinta da 'ya'yanta, kuma sun fi shekara ɗari suna yi wa juna habaici. Kowanne ɓangare ya hango wata gaskiya, wannan ba na musu. Inda suke ɓata rawarsu da tsalle shi ne kowa sai ya ce abin da ya hango shi ne mutum gaba ɗayansa, sannan in lissafi ya ƙi fita sai a waiwayo a nuna uwa. Na san wata za ta ce ke da iyakarki sakandare me ya kai ki. Sana'ata ce ta kai ni. Mai rubuta littafi kullum cikin tambaya take, me ya sa wance ta yi abin da ta yi, don haka dole na bi sawun waɗanda suka ce sun san amsa.

Mu fara da babbansu, wani likita na birnin Biyana ta ƙasar Ostiriya. A rubuce sunansa Sigmund Freud, a baki kuwa Furoid ake cewa. An haife shi a 1856, ya rasu a Landan a 1939. Abin da ya kawo shi ne zuciyar mutum kamar gida take, akwai zaure inda kowa ke gani, akwai kuma ƙuryar ɗaki inda aka jibge kayan da mai gidan ma ya manta da su, amma warinsu na fitowa. Tsoro, kunya, sha'awa, haushin da aka danne tun yarinta, duk suna can, suna leƙowa ta mafarki, ta suɓutar baki, ta ciwon da likita ya duba bai ga komai ba. Wannan kam duk macen da ta taɓa huce haushin uwar miji a kan tukunya ko a kan 'yar aiki ta san akwai gaskiya a ciki. Kuma daga wajensa da abokin aikinsa Josef Breuer aka samo al'adar a zaunar da mai damuwa a saurare shi ya amayar da abin da ke cikinsa. Wata mace ma da Breuer ya yi jinya wajen 1880, Bertha Pappenheim, ita ta raɗa wa abin suna, ta ce magani ne na magana. A ba shi wannan, haƙƙinsa ne.

Amma zo ki ji yadda ya yi da wata yarinya da ya ɓoye sunanta ya kira ta Dora. A 1900 mahaifinta ya kai ta wajensa tana da shekara 18, tana fama da tari da shaƙewar murya da baƙin ciki. Labarinta kuwa shi ne mahaifin nata yana neman matar wani abokinsa, shi kuma abokin ya sa yarinyar a gaba. Tana wajen shekara 14 ya taɓa rutsa ta ya sumbace ta da ƙarfi, ta ji ƙyama ta gudu. Bayan shekara biyu ya sake tarar ta da maganar banza a bakin wani tafki, ta kwaɗa masa mari. Ta gaya wa iyayenta, mutumin ya musa, uban ya ce ƙirƙira ta yi. To shi Furoid bai ƙaryata ta ba, ya yarda abin ya faru. Sai dai me? Sai ya ce ai ƙyamar da ta ji ita ce alamar ciwon, wai a can ƙuryar zuciyarta son mutumin take. In ta ce a'a, sai ya ce wannan a'ar ita ce shaidar e. Yarinya ta ga abin ba na ƙare ba ne, bayan mako 11 ta tattara ta daina zuwa. Ni kam in da a littafina take, a nan zan sa a yi mata guɗa.

Uwar Dora fa? Furoid bai taɓa sa ta a ido ba, ko sau ɗaya. Daga abin da mijin da ke cin amanarta da 'yarta suka faɗa masa, ya yanke mata hukunci a rubuce cewa tana da wani taɓin hankali irin na matan gida, saboda wai ta cika shara da goge-goge. Jama'a ku ji fa. Miji na bin matar aboki, aboki na bin 'ya, amma wadda aka laƙaba wa ciwo ita ce mai tsintsiya a hannu.

Babban raunin wannan ɗaki ke nan: ba a kayar da shi a muhawara, domin duk ta inda kika ɓullo ya riga ya tare. Kin yarda, ya yi daidai. Kin musa, dannewa kike yi. Wani masanin falsafa, Karl Popper, ya ce maganar da babu abin da zai iya ƙaryata ta ba ta cika kimiyya ba, kuma haka ne, ko boka ma da irin wannan dabarar yake cin abinci. Ra'ayinsa a kan mata kuwa kunya ba za ta bar ni in zayyana shi ba, a taƙaice dai yana ganin mace tana girma ne da hassadar ba a halicce ta namiji ba. Wata likita Bajamushiya, Karen Horney, ta mayar masa da martani a 1926, ta ce to me zai hana a ce maza ne ke hassadar ciki da haihuwa da shayarwa?

Ana cikin haka sai ga wasu daga Amurka sun ce duk zancen ƙuryar ɗaki shirme ne, tunda ba wanda ya taɓa shiga ya gani. Abin da ido ya gani kawai za a auna, wato abin da mutum ya aikata. Sun ɗauko hannu ne daga Ivan Pavlov na Rasha, wanda ya lura karnukansa na dalalar da miyau tun kafin abinci ya iso, da zarar sun ji alamar da suka saba ji kafin a kawo shi. Jagoransu John Watson ya ce mutum ma haka yake, sabo ne kawai. A 1920 shi da Rosalie Rayner suka ɗauki wani jariri ɗan wata 11 da ake kira Albert, wanda ba ya tsoron farin ɓera. Duk sanda ya kai hannu zai taɓa ɓeran sai a doka guduma a kan ƙarfe a bayan kansa. Ba a jima ba yaro ya koma da ganin ɓera sai kuka, har zomo da rigar gashi suka shafa. Haka aka bar shi ya tafi ba a cire masa tsoron ba. Ɗan mutane! Kuma yaro ɗaya tak, amma a kansa aka gina hasumiya.

Watson ya yi cika baki cewa a ba shi jarirai lafiyayyu goma sha biyu, zai mayar da kowanne abin da ya ga dama, likita ko lauya ko ɓarawo. A 1928 ya fitar da littafin reno, inda ya ware babi guda a kan haɗarin soyayyar uwa in ta yi yawa. Shawararsa ita ce kada a rungumi yaro, kada a ɗora shi a cinya, in ya zama dole a sumbace shi sau ɗaya a goshi lokacin barci, da safe kuma a ba shi hannu a gaisa. A gaisa da ɗan da kika haifa kamar baƙon maigida! Kuma mata da yawa a Amurka sun bi, suna jin jariri na tsala kuka suna kallon agogo, hawaye na zubo musu, saboda masana sun ce.

Duk da haka kada ki watsar da wannan ɗakin, domin a cikinsa akwai kayan aikin da ya fi na kowa amfani a tsakar gida. A 1924 wata mace, Mary Cover Jones, ta juya aikin Watson. Ta sami yaro mai suna Peter, ɗan kusan shekara uku, mai tsoron zomo. Sai ta riƙa ba shi abincin da yake so, zomo na can nesa a keji, kullum ana matso da shi kaɗan kaɗan, har ranar da yaro ya shafa zomo da hannunsa. Har gobe da irin wannan hanya ake cire wa mutane matsanancin tsoro, kuma tana ci. Shi kuma B. F. Skinner, mai gwaji da ɓeraye da tattabaru, ya nuna abubuwa biyu da nake so kowace uwa ta riƙe. Na farko, halin da aka saka wa da lada shi ke daɗuwa, kuma ladan da ake bayarwa wani lokaci a hana wani lokaci ya fi kowanne kama jiki. Wato in yaro ya yi birgima don alewa kika hana sau huɗu, a na biyar kika gaji kika ba shi, to kin koya masa ya yi birgima sau biyar. Na biyu, duka yana danne hali ne na ɗan lokaci, ba ya koya wa yaro abin da ya kamata ya yi a madadinsa. Kin ga wannan ba sai da digiri ba, gwada ki gani.

Inda suka yi tuntuɓe shi ne da suka ɗauka kowace halitta farin allo ce. Wasu ɗaliban Skinner, Keller Breland da matarsa Marian, sun ba da labari a 1961 yadda suka koya wa alade ɗaukar kuɗin katako ya kai asusu a ba shi abinci. Da farko ya iya sarai. Daga baya sai ya koma yar da kuɗin a ƙasa yana tona shi da hanci, ko da yunwa na cinsa, domin tono shi ne halinsa na asali. Mu da muke cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu ne kuma muke cewa hali zanen dutse, kuma ba mu taɓa ganin karin maganar biyu sun yi faɗa ba. Duk wadda ta haifi uku ta san nono ɗaya suka sha, amma kowa da irin zuciyar da ya zo da ita.

Wanda ya rushe maganar Watson da gaske shi ne Harry Harlow, da 'ya'yan birai, a 1958. Ya raba su da iyayensu ya ƙera musu uwa biyu, ɗaya ta waya mai bulumboti, ɗaya an lulluɓe ta da tattausan ƙyalle ba ta da ko ɗigon madara. 'Ya'yan birai suka riƙa zuwa wajen ta waya su sha su dawo da gudu su maƙale wa ta ƙyalle, in an tsorata su ma ita suke nufa. Ashe ɗumin jiki ba sangarta ba ne, buƙata ce kamar abinci. A Ingila kuma John Bowlby ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1951 cewa ƙaramin yaro na buƙatar shaƙuwa mai ɗorewa da uwa ko wadda ta tsaya a matsayinta. A lokacin asibitocin Ingila ba sa barin iyaye su zauna da 'ya'yansu marasa lafiya sai 'yar ziyara, aikinsa da na abokinsa James Robertson ya taimaka aka canza wannan. Da gwamnatin Romaniya ta faɗi a 1989 aka buɗe gidajen marayunta, duniya ta ga abin da rashin mai ɗauka ke yi wa yaro, kuma binciken Michael Rutter ya nuna waɗanda suka wuce wata shida a ciki sun fi shan wahala daga baya.

To kin ji, jiya an ce kada ki ɗauke shi, yau an ce kada ki ajiye shi. Nan da nan aka mayar da maganar Bowlby sanda, aka ce duk macen da ta fita aiki ko karatu ta cuci ɗanta. Alhali yaran da aka gina maganar a kansu na gidan marayu ne da na asibiti, waɗanda ba su da kowa, ba yaron da uwarsa ta je makaranta ta bar shi wajen kakarsa ba. Rutter ɗin nan ya warware wannan tun 1972.

A nan ne ma maganar ta iso ƙofar gidanmu. In aka auna mu da ma'aunin Landan, ai duk Bahaushiya mai kunyar ɗan fari ta faɗi jarrabawa. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an yaye shi ma wajen kaka ake kai shi. Amma wasu masu bincike, cikinsu har da Robert LeVine da matarsa Sarah, sun zauna da Hausawa sun lura da jarirai 18, aka buga sakamakon a 1977. Abin da suka gani shi ne jaririn Bahaushe yana shaƙuwa da mutum uku ko huɗu, ko da yake akwai wadda ya fi maƙale wa, wato wadda ta fi ɗaukarsa. Ga goyo, ga nono duk sanda ya nema, ga hannuwa ba iyaka, daga kaka sai gwaggo sai 'yar reno. A littafin da ma'auratan suka fitar a 2016 sun sake kawo misalin kunyar Hausawa don su nuna hanyar renon lafiyayyen yaro ba guda ɗaya ba ce. Ba ina cewa duk abin da muke yi daidai ne ba, akwai 'ya'yan riƙo da ke shan uƙuba a gidajenmu kuma kowa ya sani. Ina cewa ne ma'aunin da aka yanka a kan gida mai mace ɗaya da miji da yara biyu ba zai auna gida mai mutum ashirin ba.

Su Abraham Maslow da Carl Rogers ba zan daɗe a kansu ba. Sun ga ɗaya ɓangare ya mai da mutum majinyaci, ɗaya ya mai da shi ɓera, sai suka ce a'a, mutum yana da zaɓi da daraja. Rogers ya koyar da a saurari mutum ba tare da an yanke masa hukunci ba, kuma na so a ce kowace uwar miji ta yi wannan darasi. Maslow kuma a 1943 ya jera buƙatu hawa hawa, abinci a ƙasa, sai tsaro, sai ƙauna, sai girma, can ƙoli kuma mutum ya cika burin kansa. Daga baya wasu suka zana abin kamar dalar gyaɗa. Daɗin ji gare shi, amma auna shi wuya. Mutanen da ya ce sun kai ƙoli shi ya zaɓo abinsa da hannunsa, irin su Abraham Lincoln da Albert Einstein. Kuma uwar da ke kwana da yunwa don 'ya'yanta su ci, a wane hawa za a ajiye ta? Wani bincike na 2011 da ya ratsa ƙasashe 123 ya samu buƙatun nan kowa na da su, amma ba sa bin layi yadda ya tsara.

Wanda na fi ganin ƙoƙarinsa shi ne Aaron Beck. Shi da farko almajirin koyarwar Furoid ne, ya tashi zai tabbatar da ita a kan masu ciwon damuwa a shekarun 1960, sai ya tarar ba ta tsaya ba. Abin da ya gani shi ne masu wannan ciwo suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu ba sallama: ni ba ni da amfani, kowa ya tsane ni, ba za ta taɓa gyaruwa ba. Sai ya riƙa koya musu su kama tunanin su tuhume shi kamar alƙali, ina shaidarka? Abin da ya burge ni, mutanen wannan ɗaki sun yarda a gwada su a ƙirga. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan an koya wa ma'aikatan lafiya mata na unguwa wannan hanya, suka riƙa bin masu ciki da ke fama da damuwa gida gida. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna bayan wata shida da haihuwa, kashi 23 cikin ɗari ne suka rage da ciwon a cikin waɗanda aka yi wa, a ɗaya rukunin kuwa kashi 53. A Zimbabuwe ma likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa suna taya su warware matsala, aka gwada aka ga yana aiki.

Amma 'yar uwa, a nan ma akwai rami. In aka ce ciwon yana cikin tunaninki, to wadda mijinta ke jibga fa? Wadda aka yi wa saki uku da goyo a baya ba ko sisi? Tunaninta ba karkatacce ba ne, daidai take gani. George Brown da Tirril Harris sun bi matan unguwar Camberwell a Landan, suka buga a 1978 cewa ciwon damuwa yakan biyo bayan wani mummunan abu da ya faru ne, kuma ya fi kama macen da ba ta da wanda take buɗe wa cikinta, da mai yara uku ko fiye 'yan ƙasa da shekara 14 a gida, da wadda ba ta da aikin yi a waje, da wadda ta rasa uwa tun tana ƙarama. Karanta wannan jerin ki ƙirga matan layinku. Irin wannan mace in aka ce mata gyara tunaninki aka tsaya nan, to sunan "ki yi haƙuri" kawai aka canza.

Wata za ta ce to ai shi ke nan, a tattara a mayar wa Turawa kayansu. Ban yarda ba. Gaskiya ne wani bincike na 2008 ya duba manyan mujallun wannan ilimi ya samu kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi nazari a kansu daga ƙasashen Yamma suke, waɗanda ba su wuce kashi 12 na mutanen duniya ba. Gaskiya ne kuma a 2015 an sake gwaje-gwaje 100 da aka riga aka buga, waɗanda suka sake fitowa yadda aka ce ba su kai 40 ba. Amma wa ya tona wannan asiri? Su da kansu. Mu fa? Ɗora wa uwa laifi ba daga Biyana muka koyo shi ba. Yaro in ya yi abin kirki ɗan babansa ne, in ya yi sata a ce tarbiyyar uwa. Mace ta haihu ta rikice, ta daina barci, tana maganganu, sai a ce iska ce ko kishiya, a yi ta hayaƙi ana ɗaure ta, alhali ciwo ne sananne da ke samun mace 1 ko 2 cikin 1,000 bayan haihuwa, yana son asibiti da gaggawa, kuma ana warkewa.

Wannan ya kawo mu ɗakin masu cewa a duba ƙwaƙwalwa da jini da gado. Su ma ba wankakku ba ne. Likitan Fotugal Egas Moniz ya karɓi kyautar Nobel a 1949 saboda tiyatar yanke jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwa, wadda ta nakasa dubban mutane. Rosemary, ƙanwar shugaban Amurka John Kennedy, mahaifinta ya sa aka yi mata a 1941 tana da shekara 23, ba ta sake iya kula da kanta ba har ta rasu a 2005. Ƙwayar Valium da ta fito a 1963 an yi ta ɗura wa matan aure ita a Amurka don su yi shiru, da yawa suka kasa rabuwa da ita. Maganar da aka daɗe ana yi cewa ciwon damuwa ƙarancin wani sinadari ne guda ɗaya a ƙwaƙwalwa, wani babban bita na 2022 bai sami ƙwaƙƙwarar shaida a kanta ba, ko da yake magungunan suna taimakon mutane da yawa, kuma wadda ke sha kada ta kuskura ta daina sai da likita. Amma daga wannan ɗakin aka samo maganin da ya kwance mutane daga mari, tun daga wanda aka fara gwadawa a Faransa a 1952. Kuma su ne suka wanke uwa daga ƙazafi mafi muni da aka taɓa yi mata.

Ga yadda aka yi. A 1943 likita Leo Kanner na birnin Baltimo a Amurka ya bayyana yara 11 masu wata lalura da yanzu ake kira otizim: yaro ba ya haɗa ido, magana ta yi masa wuya ko ta ƙi fitowa, yana maimaita abu ɗaya, ba ya son a canza masa tsari. Kanner ya lura iyayen da suka zo wajensa 'yan boko ne masu kamun kai, sai ya rubuta cewa masu sanyin zuciya ne. Daga nan aka sami laƙabin "uwa firji". Bruno Bettelheim na Chikago, mai bin koyarwar Furoid, ya ɗauki abin ya kai shi ƙoli a littafinsa na 1967, har ya kwatanta yaran da fursunonin sansanin 'yan Nazi, ya ce uwa ce a can zuciyarta ba ta so ɗan ya rayu ba. Ki tsaya ki auna. Mace na ɗawainiya da yaron da ba ya ce mata Mama, ba barci ba hutu, ta kai shi wajen masani neman taimako, a ce mata ke kika jawo, a raba ta da shi, ita kuma a sa ta zaman tonon laifinta. Tun 1948 ma wata likita, Frieda Fromm-Reichmann, ta riga ta ɗora wa uwaye ciwon nan mai sa mutum jin muryoyi.

Wanda ya fara tsayawa ya ce ƙarya ne wani uba ne, Bernard Rimland, masanin saikoloji da ɗansa ke da lalurar, ya kuma san matarsa ba firji ba ce. A 1964 ya fitar da littafi ya ce abin daga halittar ƙwaƙwalwa yake. A 1977 Susan Folstein da Michael Rutter suka duba tagwaye 21. A cikin tagwaye 11 masu kama ɗaya sak, an sami 4 da duka biyun ke da lalurar, a cikin 10 da ba sa kama kuwa ba a sami ko ɗaya ba, alhali su ma uwa ɗaya ta rene su a ɗaki ɗaya. Binciken da ya biyo baya ya ƙara tabbatar da ƙarfin gado a cikin lamarin.

Shi Kanner ya tsaya gaban taron iyayen irin waɗannan yara a 1969 ya ce ya wanke su daga laifi. Shekara 26 ke nan bayan rubutunsa na farko, lokacin yaran nan 11 duk sun zama manya, kuma littafin Bettelheim na nan a kasuwa ana ta saye.